Agogon da Ya Yi Magana a Ketu

Ulm, Jamus
7 ga Satumba

Zuwa ga Gwaggo Zuliha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baba da duk mutanen gidanmu na Agege. Ya ƙafar taki, kumburin ya saɓe? Ni lafiya lau nake, sai sanyi da ya fara leƙowa, da aikin ɗakin gwaji da ba ya ƙarewa.

Kin ce ba za ki ƙara ɗaga wayata ba, wai ba na barin ki ki kai aya, in ina da magana in rubuta a takarda in ɗauki hotonta in turo, ke ma haka za ki yi. To ga shi na rubuta, kuma ba zan ɓoye miki ba, raina a ɓace yake.

Tun da Baba ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar Iyana Ipaja cikin watan Mayu, abu biyu kawai na roƙa. Na aiko da na'urar awon jini, na ce a auna shi safe da yamma a turo mini lambobin. Na kuma aiko da agogon hannu mai nuna mini inda yake a taswirar wayata, wanda in ya sake faɗuwa zan kira shi ta ciki ya ji muryata ko bai taɓa komai ba. Rabona da lambobin awo yau kwana goma sha tara. In na tambaya sai ki ce "da sauƙi". Gwaggo, da sauƙi ba lamba ba ce.

Agogon kuwa yana aikinsa, shi ne ma dalilin takardar nan. Kowace Alhamis da hantsi ina ganin Baba ya fita. Makonni biyun farko a Ojota ya tsaya, ya yi kamar minti ashirin ya juyo gida. Daga baya ya riƙa zarcewa har Ketu, ya zauna wuri guda awa biyu, wani lokaci uku. Alhamis tara ke nan ina kallo. Dattijo mai shekara saba'in da takwas, ga hawan jini, ya hau motar danfo har biyu shi kaɗai ya tsallaka titin Ikorodu, ke kina gida kina tuyar waina? Me yake yi a can, kuma wa yake gani?

Ba ni da wanda zan tambaya sai ke. Umma ta rasu. Yaya Jamalu shekara takwas bai taka gidan ba, tun ranar da ya ajiye wa Baba makullin rumfar goro a gaban dattawan kasuwa ya ce goro sana'ar matattu ce, in na tura masa saƙo kuma kalma biyu yake mayarwa. Don Allah ki ba ni amsa madaidaiciya.

'Yarki,
Nazifa

Agege
11 ga Satumba

Nazifa,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, Kalsum ta gidan gaba ta ƙara mini girman rubutun a waya na karanta da idona, har sau biyu, don da farko na ɗauka idon ne ke yi mini ƙarya. Muna lafiya. Ƙafa ta yi sauƙi, babanki yana cin abinci, jiya ma har ƙari ya nema. Ko da yake na manta, ƙari ba lamba ba ce.

Wai ina gida ina tuyar waina. Wainar nan kika ci kika yi wayo, har kika iya rubuta wa ƙanwar ubanki rashin kunya da kyakkyawan rubutu.

Na'urarki tana kan wadrob, ni na ɗora ta da hannuna. Da ya hango ni na ɗauko ta sai fuskarsa ta canza, jijiyar goshinsa ta tashi, in na ɗaura masa sai ta nuna jini ya hau. In na ce bari mu sake, sai ta nuna ya ƙara hawa. Ranar ƙarshe sau uku na yi, a na ukun ya fizge hannunsa ya ce, "Zuliha, ni buhun albasa ne da za a yi ta ɗora ni a sikeli? O ti to, jare, ya isa haka!" Likita yana duba shi kowane wata yana cewa ba laifi. Ni nake kwana nake tashi da shi a gida ɗaya, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ke 'yar mai goro ce, jikar mai goro, amma kamar ba a gidan aka haife ki ba. In an ɗaure huhu an jera goro cikin ganye, ana buɗewa a duba, amma ba kullum ba. Wanda ya damu ya san halin da goronsa yake ciki har yake kwance huhu safe da yamma, iska ce za ta sha masa shi ya bushe a hannunsa, ya san komai kuma ba shi da abin kai wa kasuwa.

Maganar Alhamis kuwa, na san ya fita, ni nake goge masa rigar. Ban tambaye shi inda za shi ba, kuma ba zan tambaya ba. Akwai tuwon da ke kan wuta, a bar murfin a rufe. Iyakar abin da zan iya sa wa a takarda ke nan, mai hankali ya gane.

Kin ambaci yayanki a layi biyu kin wuce. Ba ki tambayi inda yake aiki yanzu ba. Matarsa Mariamu tana da ciki wata bakwai, ogansa kuma yana ta matsa masa ya koma Kadawa can Arewa da zama, ya riƙa saya musu tumatir daga bakin gona yana lodawa zuwa Legas. Yana ta ja da maganar, yau gobe, yau gobe. Ki zauna ki yi tunani a kan wannan, tun da an ce ke mai tunani ce.

Gwaggonki,
Zuliha

Ulm
14 ga Satumba

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da ƙafa ta yi sauƙi. Allah ya sauki Anti Mariamu lafiya, amma ban ga abin da ya kawo maganar Yaya Jamalu da tumatir cikin maganar lafiyar Baba ba, sai dai in so kike ki kau da hankalina.

Tuwon da ke kan wuta, a bar murfi a rufe. Na taɓa jin irin wannan maganar. Ina aji uku a jami'a lokacin da Umma ta kwanta, kullum in na kira sai ku ce zazzaɓi ne, da sauƙi, kar a tayar mini da hankali ina jarrabawa. Na sauka a tashar Ojota da jakata ina murna na zo hutu, na tarar da tabarmi a ƙofar gida. Ke kika tare ni a zaure, Gwaggo. Ban manta ba kuma ban huce ba. Yanzu kin ɗora na'ura kan wadrob, Baba yana zuwa wani wuri duk mako yana zama awa uku kamar mai jiran layi, kina ce mini mai hankali ya gane. Na gane. Ko asibiti ne, ko mai maganin gargajiya, ko kuma ruɗewar tsufa ta fara kama shi kuna rufawa.

Kin kawo mini misalin huhu. Bari ni ma in gaya miki aikina, tun da shekara uku ina nan ba wanda ya taɓa tambayata a gidan. Muna kama ƙwayar zarra guda ɗaya tak, abin da ido ba ya gani, mu riƙe ta a cikin tarko na lantarki, mu haska ta da hasken lesa mu auna ta. Kusan shekara ɗari da suka wuce aka gano wata ƙa'ida da ake kira ƙa'idar rashin tabbas. Cewa ta yi, akwai abubuwan da ba sa aunuwa tare daidai wa daida. In ka matsa sai ka san ainihin inda ƙwayar take, to sanin saurinta da inda ta nufa ya watse maka. In ka kama saurin sosai, wurin ya kuɓuce. Kuma ba laifin na'ura ba ne balle a ce a sayo mai tsada, ita ƙwayar ce ba ta riƙe da biyun a tsaye lokaci guda.

Amma kin san me? Duk da haka muna aunawa. Ba ma naɗe hannu mu ce a bar murfi a rufe. Mukan zaɓi tambaya ɗaya mu yi ta, mu karɓi amsa, mu rubuta. Abin da ba a auna ba, ba wanda yake da ikon cewa ya san shi, ko da kuwa a gida ɗaya suke kwana.

Tun da ke ba za ki faɗa ba, ni zan tambayi mai abin. Ni ce autarsa, bai taɓa ɓoye mini komai ba in na tambaye shi kai tsaye.

Nazifa

Ulm
2 ga Oktoba

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Kwana goma sha takwas da na rubuto ban ga takardarki ba. Na kira ki ba adadi, na kira Baba wayarsa a kashe, na kira Kalsum ta ce wai ba ta gari alhali ina jin kiran sallar masallacin layinmu a bayanta.

Ranar Alhamis sha tara ga wata na buɗe taswira na duba wurin da yake zama da kyau. Babu asibiti a wajen. Daura da ƙofar da manyan motocin tumatir ke shiga kasuwar Mile 12 ne. Sai maganarki ta faɗo mini, na gane wajen Yaya Jamalu yake zuwa. Wallahi kuka na yi don murna a cikin ɗakin gwaji. Ban iya jira ba na kira shi ta agogon, na yi masa tambaya ɗaya kawai. Ya amsa da faɗa, layin ya yanke. Tun ranar agogon bai motsa daga Agege ba, Alhamis ta zo ta wuce.

Me ya faru? Ki zage ni in kina so, amma ki rubuto.

Nazifa

Agege
13 ga Oktoba

Nazifa,

Lafiyarmu ƙalau ta jiki. Ban rubuto ba ne don sau huɗu ina ɗaukar biro ina ajiyewa, abin da ke fitowa bai kamata ya tsallaka teku ba. Yau na ɗan huce, saura kaɗan ki gani.

Wai abin da ba a auna ba ba a san shi ba, ko a gida ɗaya ake kwana. Shekara shida ina wanke wa babanki kaya, ina sanin ciwon kansa daga yadda ya ajiye buta, ashe ban san shi ba sai mai taswira. To ga abin da taswirarki ba ta nuna miki ba. Na je Ketu da ƙafata na samu mai shayin da yake zama a bencinsa, wani mutumin Tawa ana ce masa Idrissa, shi ya ba ni labari.

Alhamis goma sha ɗaya babanki yana matsowa. Da ya fara zama a bencin, sai ya riƙa zuwa da goro biyu, ya ba Idrissa ya ce ɗaya nasa ne, ɗaya ya ba duk wanda ya ga dama. Idrissa ba yaro ba ne, sai ya tsallaka ya kai wa Jamalu. Wanda ya ce goro sana'ar matattu ce yana tsaye kan mota yana ɓantarar goron ubansa, yana yi kamar bai san daga inda ya fito ba. Uban yana kallon danfo, ɗan yana kallon kwanduna, kowa ya san kowa yana nan.

Kin manta Jamalu ɗan fari ne? Tun da aka haife shi kin taɓa jin babanki ya kira sunansa? "Yaron nan" yake cewa, ko "mutumin". Bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ba don ƙi ba, haka aka tarar, kunyar ɗan fari ke nan. Ke auta ce, kan cinyarsa kika girma kina ja masa gemu, shi ya sa kike ganin kowa ma haka ake yi masa. Irin wannan uban da irin wannan ɗan, bayan shekara takwas, ba a zaunar da su a ce wa ya yafe wa wa. Bari ake yi su matso da kansu, kowa ya kau da kai, wata rana sai a ga suna shan shayi a benci ɗaya kamar ba a taɓa yin komai ba. Da na rubuta miki a fili, da kin kira shi a ranar, na san halinki.

Ga maganar Idrissa yadda ya faɗa mini: "Hajiya, ran nan yaron ya ƙetaro da kai nai, karo na farin. Ya tsaya nan ya ce in zuba mai shayi, tsoho na zamne can, tsakaninsu bai kai taki biyu ba. Na ga tsoho ya gusa ya bar wuri bisa benci. Wallahi na ga ya gusa. Sai agogon ga, montir ɗin da ke hannu nai, ta hau magana da ƙarfi, duk rumfa na ji."

Kin san abin da kika ce, amma bari in maimaita miki ki ji shi yadda masu dako goma da direbobi suka ji. "Baba, ina ganinka a Ketu! Wajen Yaya Jamalu kake zuwa? Ka yafe masa ke nan? Ka ce e ko a'a, Baba, don Allah!"

E ko a'a. A gaban jama'a, da sunan yaron a fili, yaron kuma yana tsaye riƙe da kofi. Me kike so dattijo ya ce? Ya miƙe ya ce, "Wa ya ce miki wajen wani na zo? Shayi na zo sha. Wallahi tallahi ƙafata ba za ta sake taka Ketu ba!" Jamalu ya ajiye kofin bai kurɓa ba ya tsallaka. Washegari ya ce wa ogansa ya yarda, da an yi suna za su tattara su koma Kadawa.

Da babanki ya dawo gida ya cire agogon ya jefa cikin kwandon albasa, ya yi rantsuwa ta biyu a gabana, ya ce wallahi ba zai sake sauraron muryarki ba. Limamin layi ya zo ya tambaye shi ko zai sassauto, ya ce a'a. Alu abokinsa ya zo ya tambaya, ya ce a'a. Kowa ya tambaya a'ar ƙara tauri take yi. Garin neman gira kin rasa mana ido, Nazifa. Yanzu kin san inda yake daidai wa daida, yana ɗaki, fuskarsa na kallon bango.

Zuliha

Ulm
20 ga Oktoba

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina gaida Baba ko da ba zai karɓa ba. Kwana uku ban je aiki ba bayan na karanta takardarki.

Na yi laifi, ba zan kewaya ba. Amma ni ma ina da fushi kuma sai na faɗe shi. Da ba ku rufe mini rasuwar Umma da "da sauƙi" ba, da ban zama mai bin ubanta da taswira ba. Ku kuka koya mini cewa shirun gidanmu yana iya zama gawa. Layi ɗaya ya ishe ki, ki ce lafiyarsa ƙalau, alheri ne, kar ki kira shi ranar Alhamis. Kin zaɓi karin magana, ni kuma na karanta ta da tsoro.

Abin da ya fi ci mini rai, aikina ne na yi wa Baba, kuma ni na fi kowa sanin illarsa. A takardata ta baya rabin maganar na gaya miki don in ci gardama. Ga sauran. Ƙwayar da muke kamawa tana da wani abu kamar ɗan ƙaramin maganaɗisu a jikinta. Za ka iya tambayarta, sama kike kallo ko ƙasa? Za ka iya kuma tambayarta, dama ko hagu? Amma ba a yin tambayoyin biyu tare. Akwai halin da take shiga wanda ba ta da amsar sama ko ƙasa sam, ba ɓoyewa take yi ba, amsar ce ba ta wanzu ba tukuna. Da ka tambaya dole ta ba da ɗaya, kuma daga nan ta zauna a kai. Ka sake tambaya nan take sau ɗari, amsar farko za ta yi ta maimaita maka. Baba a kan bencin nan bai ce e ba bai ce a'a ba, yana dai gusawa. Ni na tilasta masa amsa, liman da Baba Alu kuma suna ta maimaita tambayata. Don Allah ki ce su daina.

Akwai abu ɗaya da ya rage. In ƙwayar ta kafe a kan ƙasa, ba a lallashinta da tambayar sama ko ƙasa. Sai a yi mata ɗaya tambayar, dama ko hagu. Da ta amsa wannan, amsar farko ta goge, in aka dawo ga tsohuwar tambaya sai ta zama rabi da rabi, kamar ba a taɓa yi ba. Ba tabbas za ta ce sama, ƙofa ce dai ta sake buɗewa.

Na sani Baba ba ƙwayar zarra ba ne, malamina ma da zai ga takardar nan sai ya yi mini dariya, don ƙa'idar ba ta mutane ba ce. Amma ba ni da wani ilimin da zan kawo sai shi. Kar kowa ya sake tambayarsa ko ya yafe. A tambaye shi abin da ba ya iya yin shiru a kai. Za a yi suna, za a buƙaci goro, kuma a duk Agege ban san wanda ya kai shi ƙin mugun goro ba. Ke kika san yadda za ki yi, ni na cire hannuna. Na goge taswirar daga wayata.

'Yarki, in har yanzu kin yarda,
Nazifa

Agege
24 ga Nuwamba

Nazifa,

Muna lafiya. Mariamu ta sauka ranar Asabar ta wancan makon, namiji, ita da shi ƙalau. Jiya aka yi suna a gidansu na Ketu.

Maganar Ummanki, kin yi gaskiya, kuma ni ce na ce a rufe miki. Na ɗauka gata nake yi miki. Ki yafe mini wannan. Sauran maganganunki kuwa ban janye ko ɗaya daga cikin abin da na faɗa ba, kuma kar ki ɗauka ƙwayarki ce ta koya mini yadda ake bi da yayana. Ana suna ana sayen goro, da ke da Jamus da babu.

Ranar Laraba na je Iyana Ipaja na nemi goro mafi muni da kasuwar ta mallaka, har mai sayarwa yana ce mini, "Mama, wannan na jefarwa ne o." Na kawo na zube a tabarma a tsakar gida, daidai inda zai wuce in za shi alwala. Ya wuce ya tafi alwalarsa. A dawowa ya tsaya, ya sa ƙafa ya juya ɗaya, ya sunkuya ya ɗauka ya fasa, ciki duk sankara.

Ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Goron suna ne, na wasu mutane a Ketu."

Ya daɗe yana kallona. Na ɗauka zai koma ɗaki. Sai ya ce, "Wane maras tsoron Allah ne ya sayar miki da wannan? Da wannan za a raɗa wa ɗan mutane suna? Ki lo de, me ya faru, Zuliha, a gidana ni Ashiru mai goro?" Ya sa hula ya fita, karo na farko cikin wata biyu da ya wuce masallaci. Ya dawo da farin goro ƙwarya biyu daga wajen tsofaffin abokan sana'arsa. Yini guda ya yi a tabarma yana ɗaga kowane ɗaya yana dubawa a rana, ya wanke ganye da kansa, ya jera, ya ɗaure huhu irin ɗaurin da rabon da in gani tun Ummanki na da rai. Na ce gobe sai in ba direban danfo ya kai. Ya ce, "Danfo? Ya ɗora kusa da inji zafi ya dafa shi?"

Jiya bayan sallar asuba na ji ƙarar ƙofa. Na leƙa, babu shi babu huhu. Ban bi shi ba, ban aiki kowa ba, ban kira kowa a Ketu ba. Ni kaina sai da rana ta yi na yi niyyar zuwa yinin suna, na fasa, kar idona ya zama naki.

Da azahar ya dawo, takalminsa duk taɓo. Na kawo ruwa yana wanke hannu, bai kalle ni ba ya ce, "Kunnuwan marigayiya ne da jaririn." Na ce to. Ya goge hannu ya ce, "Mutumin ya ce wai sai bayan azumi zai duba maganar Arewa." Na ce to. Na shiga kicin na yi kukana a can.

Da la'asar ya kira ni ya ce, "Akwai shinkafa a gidan nan?" Na ce akwai. Ya ce, "Ki dafa mai kyau, ki sa nama, a zuba kwano goma a kai bakin masallaci a ba mabuƙata."

In karatun Jamus bai goge miki na allo ba, kin san wanda ke ciyar da miskini goma, wanda ya karya rantsuwa ne yake kaffara. Na tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu ban tafi ba, ina jira ko zai ƙara wani abu, don ni na san rantsuwa biyu ya yi a ranar nan, ɗaya a Ketu ɗaya a gabana. Har na yi abin da na hana ki, na ce, "Yaya, goma kawai?"

Ya ɗago ya kalle ni ya ce, "Kin ji na ce ashirin?"

Na dafa goma, an kai. Kar ki kira tukuna.

Gwaggonki,
Zuliha